Rabaran Henry Beets (1869–1947): Magatakardan da Ya Rubuta Tarihin Baƙin Holan a Amurka

Duk wanda ya bi tarihin shigowar Bishara ƙasar Wukari da Donga da Takum ya san sunan Johanna Veenstra, baiwar Allah wadda ta yi aiki a Lupwe, ta rasu a Vom a shekara ta 1933. Amma ba kowa ne ya san mutumin da ya tattara labarin rayuwarta ya mai da shi littafi shekara huɗu bayan rasuwarta ba. Sunansa Henry Beets. Fasto ne, editan jarida ne, kuma ya riƙe muƙamin magatakardan babbar majalisar ikkilisiyarsu har shekara 40. Sai dai abin da ya fi sa ake tunawa da shi a yau shi ne rubutun tarihi. Har sau uku yana rubuta tarihin ikkilisiyar da baƙi 'yan ƙasar Holan suka kafa a Amurka, wato Christian Reformed Church: sau ɗaya da harshen iyaye, sau biyu da harshen 'ya'ya. Wanda ya gane abin da ya sa ya yi ta maimaita aiki ɗaya, ya gane mutumin.

Baƙo a cikin baƙi

An haifi Henry Beets ran 5 ga Janairu, 1869, a Koedijk, wani ƙauyen manoma kusa da birnin Alkmaar a arewacin Holan. A 1886, yana da shekara 17, ya haye teku zuwa Amurka. Bai tsaya a manyan biranen bakin teku ba, ya zarce can tsakiyar ƙasar, jihar Kansas, inda waɗansu manoma 'yan Holan suka kafa ɗan ƙauye a fili fetal, suka raɗa masa suna Luctor. Kalmar ta Latin ce, ma'anarta ina fama, an kuwa ɗauko ta ne daga taken lardin Zeeland na Holan, lardin da mutanensa suka daɗe suna kokawa da teku don kada ya cinye musu gonaki. A wannan ƙauye ne saurayin ya ba da ransa ga Almasihu, ya shiga ƙaramar ikkilisiyar da ke wurin.

Ikkilisiyar nan da ya shiga tana da labari mai ɗaci wanda ya girme shi nesa. A 1816 Sarki Willem na Ɗaya ya sa babbar ikkilisiyar Holan ƙarƙashin dokokin gwamnati, masu bi da yawa kuwa suka ga an sassauta koyarwar iyaye a bagadi. A 1834 wani fasto mai suna Hendrik de Cock, a ƙauyen Ulrum, ya fice tare da jama'arsa, waɗansu kuma suka bi sawu. Gwamnati ba ta ɗauki abin da sauƙi ba. Aka tono wata tsohuwar doka da ta hana taron fiye da mutum 20 ba da izini ba, aka ci su tara, aka kulle fastocinsu, aka sauke sojoji a gidajensu su ci su sha a kansu. Yawancinsu talakawa ne, 'yan ƙodago da ƙananan manoma. Ana cikin haka, a 1845 da 1846, cuta ta faɗa wa dankali, wanda shi ne tuwon talaka a ƙasar. Tsanani ya haɗu da yunwa, sai hijira.

A 1847 Fasto Albertus van Raalte ya sauka da jama'arsa cikin dajin yammacin jihar Mishigan, suka kafa gari suka kira shi Holland, sunan ƙasar da suka baro. A shekarar nan kuma Fasto Hendrik Scholte ya kai nasa ayarin jihar Iowa, suka kafa Pella, suna tunawa da garin da Kiristocin Urushalima suka gudu zuwa kafin Romawa su rushe birnin. Waɗanda suka shiga dajin Mishigan sun sha baƙar wuya. Mutane ne da ba su saba da gatari ba, ga bishiyoyi ƙatti, ga fadama, ga zazzaɓi. Shekarar farko ta ci rayuka masu yawa. Cikin wannan hali ne, a 1850, suka haɗa kai da tsohuwar ikkilisiyar 'yan Holan da ke gabashin Amurka tun 1628, wadda aka sani yau da suna Reformed Church in America. Ta taimake su da kuɗi da shawara lokacin da ba su da kowa.

Haɗin bai yi wa kowa daɗi ba. Waɗansu suka ce 'yan'uwan nan na gabas sun zama Amurkawa ƙwarai: suna rera waƙoƙin da mutane suka tsara maimakon Zabura kaɗai, suna barin wanda ba ɗan ikkilisiyarsu ba ya ci Jibin Ubangiji, sun yi sakaci da wa'azin katakizim na Heidelberg da ziyarar gida gida, har ana cewa akwai 'yan ƙungiyar asiri ta Firimesin a cikinsu. A 1857 ikkilisiyoyi huɗu suka janye: Graafschap, Noordeloos, Polkton da wata a Grand Rapids. Wannan 'yar ƙaramar ƙungiya ce asalin Christian Reformed Church.

Beets bai ga ko ɗaya daga cikin waɗannan abubuwa ba. Ba jikan waɗanda suka sare dajin Mishigan ba ne, ba a kuma ba shi labarin 1857 a gindin murhu yana yaro ba. Na gaba sun yi gaba, shi na baya sai labari. Wataƙila wannan ne ya sa ya ɗauki labarin da muhimmanci fiye da 'yan gida, gama ɗan gida yakan ɗauka ya riga ya sani, baƙo ne ke tambaya wace shekara, wane ne ya faɗa, ina takardar.

Ya yi karatu a makarantar tauhidi ta ikkilisiyar a Grand Rapids, wadda aka buɗe a 1876 da malami ɗaya tak, wadda kuma daga cikinta ne kwalejin Calvin ta tsiro. Cikin malamansa akwai Geerhardus Vos, masanin da daga baya ya koma Princeton ya yi suna; sun ci gaba da musayar wasiƙu shekaru da yawa. Beets ya gama a 1895, ya yi shekara huɗu yana kiwon ikkilisiya a Sioux Center ta jihar Iowa, cikin manoma masu sujada da Holanci zalla.

Rigimar harshe

A 1899 aka kira shi ikkilisiyar LaGrave Avenue a Grand Rapids. Wannan kira ya sa shi a tsakiyar babbar muhawarar zamaninsa, domin an kafa LaGrave a 1887 musamman don a yi sujada da Turanci, abin da yawancin 'yan ɗarikar suke kallo da ido ɗaya.

Ya kamata a yi wa dattawan wancan lokaci adalci. Ba taurin kai kawai ke damunsu ba. Da Holanci aka yi musu baftisma, da shi suka haddace Zabura da katakizim, da shi iyayensu suka yi addu'a sa'ad da sojoji ke kwance a ɗakunansu. Littattafan da suka rene su cikin bangaskiya duk da Holanci suke. A ganinsu Turanci ƙofa ce, in an buɗe ta, koyarwar maƙwabta mai sauƙi da waƙoƙinsu da al'adunsu za su kwararo ciki, abin da aka sha wuya dominsa ya narke. Amma 'ya'yansu an haife su a Amurka. Da Turanci suke wasa a titi, da shi suke aiki a masana'antun kujeru da tebura na Grand Rapids. Ran Lahadi sukan zauna su ji dogon wa'azi da harshen da rabinsa kawai suke kamawa, waɗansu kuma a hankali su sulale zuwa ikkilisiyoyin da ake magana da harshen da suke ji. Duk gidan da kaka ke addu'a da wani harshe, jika na amsawa da wani, ya san nauyin wannan al'amari.

Beets, wanda shi kansa da Holanci ya buɗi baki, ya tsaya a kan cewa bangaskiya ba ta auri harshe ɗaya ba. Abin da za a riƙe shi ne koyarwar. In ba a zuba ta a sabon mazubi ba, za a wayi gari da mazubin a hannu babu mai sha. Bai tsaya ga faɗa da baki ba. Akwai wata 'yar jaridar Turanci mai suna The Banner of Truth da aka fara bugawa a gabas tun 1866. Aka kawo ta Grand Rapids, aka taƙaita sunanta ya zama The Banner, Beets ya zama editanta daga 1904. Ya riƙe ta kimanin shekara 25, har ƙarshen 1928. A 1914 ikkilisiya ta saye ta ta zama tata, tana tafiya kafaɗa da kafaɗa da tsohuwar jaridar Holanci, De Wachter, wadda ke fita tun 1868. Ya wakilci ikkilisiyarsa a kwamitin ɗariku da dama da ya shirya littafin Zabura na rerawa da Turanci wanda ya fito a 1912, majalisarsu kuma ta karɓe shi a 1914 don ikkilisiyoyi masu sujada da Turanci. Ya rubuta littattafai biyu na bayyana koyarwa ga matasa da Turanci, The Compendium Explained a 1915 da The Reformed Confession Explained a 1929.

Akwai wani ɓangaren aikinsa da ake yawan mantawa. Kamar yadda yake kai wa yara gadon iyayensu da Turanci, haka yake kai wa iyaye labarin sabuwar ƙasarsu da Holanci. Da aka harbe Shugaba William McKinley a 1901, Beets ya rubuta tarihin rayuwarsa da Holanci. A 1909, shekara ɗari da haihuwar Abraham Lincoln, ya fitar da littafi a kansa, shi ma da Holanci. Tsohon da ba ya iya karanta jaridar Turanci ya sami hanyar sanin ko wane ne Lincoln, da abin da ya sa aka yi yaƙin basasa kan bauta.

Abin da muhawara ta kasa yi cikin shekara 30, yaƙi ya yi shi cikin shekara biyu. Da Amurka ta shiga Yaƙin Duniya na Ɗaya a 1917, duk mai magana da baƙon harshe ya zama abin zargi. 'Yan Holan kuwa sun fi shan wuya, domin sunan da Turanci ke kiransu da shi ya yi kama da sunan da Jamusawa ke kiran kansu, harshen nasu ma a kunnen Ba'amurke kamar Jamusanci yake. A watan Mayu na 1918 gwamnan Iowa, William Harding, ya ba da umarnin hana amfani da kowane harshe in ba Turanci ba a bainar jama'a, har da cikin majami'a da wayar tarho. A shekarar nan aka sa wa makarantar Kirista ta 'yan Holan wuta a Peoria ta jihar Iowa, wutar ta cinye har da majami'arsu. Bayan yaƙi kuma dokar 1924 ta rage yawan baƙin da ke shigowa daga Turai ƙwarai, rijiyar da ke sabunta Holanci a majami'u ta soma ƙafewa.

Shekara sittin na fama da albarka

A cikin wannan shekara mai zafi ta 1918 ne babban littafinsa ya fito, da Holanci. Sunansa De Chr. Geref. Kerk in N.A., ƙaramin sunan kuma Zestig Jaren van Strijd en Zegen, wato shekara sittin na fama da albarka. Abin lura ne cewa mutumin da ya fi kowa tura ikkilisiya zuwa Turanci shi ne ya zauna ya rubuta mata tarihinta da tsohon harshe, daidai lokacin da ake ƙona majami'a saboda harshen. Waɗanda suka rayu cikin labarin su ne za su fara karanta shi, su ne kuma za su iya cewa nan daidai ne, nan ba haka aka yi ba.

Lokaci ma ba ya jira. Scholte ya rasu tun 1868, Van Raalte a 1876. Gobarar watan Oktoba ta 1871 ta cinye yawancin garin Holland, takardu da yawa suka tafi tare da gidaje. Abin da ya rage yana warwatse cikin littattafan rahoton dattawan ikkilisiya, da tsofaffin jaridu, da wasiƙu cikin akwatuna, da kawunan tsofaffi da ke ƙarewa ɗaya bayan ɗaya. A nan muƙaminsa ya yi masa rana. Tun 1902 yake magatakardan babbar majalisa, takardun ɗarika ta hannunsa suke bi. Ya san wace ikkilisiya aka kafa a wace shekara, wane fasto ya tashi daga ina zuwa ina, wace ƙara aka kawo gaban majalisa, yaya aka yanke ta. Littafin ya bi baƙin daga Ulrum zuwa dajin Mishigan, daga nan zuwa sauran wuraren da suka bazu, ya ba da labarin makarantar tauhidi, da makarantun Kirista da iyaye suka gina wa 'ya'yansu da kuɗin aljihunsu, da rigimar ƙungiyar asiri ta farkon shekarun 1880 wadda ta sa ikkilisiyoyi da iyalai da yawa suka bar Reformed Church suka komo wajensu.

Amma ba za a ce Beets alƙali ne da ba ya da ɓangare ba. Ɗan gida ne yake rubuta tarihin gidansu, kuma akwai tambayar da ba ya iya kauce mata: shin fitar 1857 tana da hujja? Tambayar ba ta malamai kaɗai ba ce. A garuruwan yammacin Mishigan majami'un ɗarikun biyu sukan tsaya kusa da juna, masu koyarwa ɗaya, masu harshe ɗaya, wa yana wannan, ƙane yana waccan. In fitar tana da hujja, to, Van Raalte da mutanensa sun yi kuskure da suka zauna. In ba ta da hujja, to, ikkilisiyar Beets tsaga ce kawai da aka yi wa jikin Almasihu. Beets ya kāre fitar, ya ɗauke ta komawa ce ga matsayin da iyaye suka tsaya a kai a 1834.

Amsa ba ta daɗe ba. A 1922 William O. Van Eyck, ɗan Reformed Church a garin Holland, ya fitar da littafi mai suna Landmarks of the Reformed Fathers, inda ya yi wa bayanin Beets raddi mai zafi, yana nuna cewa laifuffukan da aka ɗora wa ikkilisiyar gabas ba su kai a raba zumunci a kansu ba. Mai karatu na yau zai ga kowannensu yana da inda ya yi gaskiya da inda son gida ya rinjaye shi. Wani abu ma ya faru wanda ya ƙara wa muhawarar gishiri: a 1934 Christian Reformed Church da kanta ta fitar da littafin sujada mai Zabura haɗe da waƙoƙin yabo, wato ta karɓi ɗaya daga cikin abubuwan da kakanninta suka fita dominsu. Beets yana raye, yana kuma kan kujerar magatakarda.

Duk da haka darajar aikinsa ba ta faɗi ba, domin ya ajiye sunaye da shekaru da hukunce-hukunce a inda kowa zai iya dubawa, har mai son ƙaryata shi. Manyan masana biyu da suka zo suka rubuta tarihin baƙin Holan gaba ɗaya, Jacob van Hinte a 1928 da Henry Lucas a 1955, sun duba fage mafi faɗi, har da 'yan Katolika da sha'anin gona da kasuwa, amma a kan sha'anin wannan ikkilisiya sun tarar Beets ya riga ya share musu hanya. Shi ma bai tsaya ga majami'a kaɗai ba. A 1922 ya rubuta maƙala a mujallar tarihi ta jihar Mishigan kan jaridun da 'yan Holan suka buga a jihar.

Shekara biyar kacal bayan littafin Holanci, a 1923, ya sake rubuta tarihin da Turanci, gama ya ga tsarar da ke tasowa ba za ta iya karanta na farko ba. A 1946, yana da shekara 77, ya fitar da na uku, wanda ya kawo labarin har zuwa shekarar. Tsakanin waɗannan littattafai ikkilisiyar ta sha girgiza: rigima kan koyarwar ƙarshen zamani a 1918, korar Farfesa Ralph Janssen daga makarantar tauhidi a 1922, da gardamar alherin Allah ga dukan mutane a 1924, wadda ta kai ga fitar Fasto Herman Hoeksema da mabiyansa. Duk waɗannan a gaban idon magatakarda aka yi su. Rahoton majalisar da ya fara rubutawa da Holanci, kafin ya ajiye alƙalami a 1942 ya riga ya koma Turanci.

Majalisar 1920 da matar da ba a aika ba

Tun yana matashin fasto zuciyar Beets take kan aikin kai Bishara. Ya rubuta littafi da Holanci kan tarihin aikin mishan, Triumfen van het Kruis, wato nasarorin gicciye, ya kuma daɗe yana shirya wata mujallar mishan ta wata wata mai suna De Heidenwereld. Ikkilisiyarsu ta fara aiki cikin 'yan asalin ƙasar Amurka, kabilar Navajo a 1896, sa'an nan Zuni, ta kafa tashar Rehoboth a jihar New Mexico a 1903. Bayan ya yi shekara biyar a ikkilisiyar Burton Heights, daga 1915, sai majalisar 1920 ta ɗauke shi daga kiwon ikkilisiya ta naɗa shi darektan aikin mishan na ɗarika.

Majalisar nan ta 1920 ce kuma ta yanke shawarar inda za a buɗe aiki na farko a ƙetaren teku. Wurare biyu ne a gabanta: ƙasar Sin, da yankin da Turawa ke kira Sudan a lokacin, wato faffaɗan yankin da ke kudu da Sahara, wanda arewacin Nijeriya ke ciki. Majalisa ta zaɓi Sin. Cikin dalilan da aka kawo akwai na yanayi da lafiya da karatun 'ya'yan 'yan mishan, akwai kuma wanda ba shi da daɗin ji, wato ra'ayin cewa mutanen Sudan ba irin waɗanda za a sa rai su yi wani abin kirki cikin Mulkin Allah ba ne. Ra'ayin raini ne irin na zamanin, an kuwa rubuta shi cikin takardun majalisa, yana nan har yau. Amfanin ajiye takarda ke nan: ba ta zaɓar abin da zai faranta wa jikoki rai.

Amma kafin majalisa ta zauna, wata 'yar ikkilisiyar ta riga ta isa Nijeriya. An haifi Johanna Veenstra a Paterson ta jihar New Jersey a 1894, cikin gidan baƙin Holan. Mahaifinta kafinta ne da ya koma makaranta ya zama fasto, ya rasu bai daɗe da fara aiki ba. Ta yi aikin akawu tun tana yarinya, sa'an nan ta shiga makarantar horar da 'yan mishan, ta kuma koyi aikin ungozoma. A 1915 ta ji Dokta Karl Kumm, wanda ya kafa Sudan United Mission, yana bayyana bukatar yankin, ta ba da kanta. Da yake ɗarikarta ba ta da aiki a Afirka, ƙarƙashin S.U.M. ta tafi. Ta sauka Legas a watan Janairu na 1920, ta koyi Hausa, a 1921 ta isa Lupwe kusa da Takum, cikin ƙasar Kuteb. Nan ta yi aikin magani, ta kafa makarantar kwana don horar da samari su zama malamai da masu bishara cikin mutanensu. Ikkilisiyoyi da ƙungiyoyin mata na gida ne suka riƙa tallafa mata, ba asusun majalisa ba. Waɗansu mata daga ɗarikar suka bi ta: Nelle Breen a 1930, sa'an nan Jennie Stielstra da Bertha Zagers. Ran 9 ga Afrilu, 1933, bayan an yi mata tiyatar afendis a asibitin Vom, Ubangiji ya kira ta, saura kwana goma ta cika shekara 39.

A 1937 Beets ya fitar da Johanna of Nigeria. A ƙa'ida ba ma'aikaciyarsa ba ce, ofishinsa bai aike ta ba. Amma darektan mishan na ɗarika, magatakardan majalisar da ta juya wa Sudan baya, shi ne ya zauna ya rubuta rayuwarta ya sa ta cikin tarihin jama'arsa. Littafi ne da aka rubuta wa masu karatu na Amurka, daga ɓangaren masu aikawa. Wanda ke neman labarin masu bi na farko na ƙasar Takum da Wukari daga bakinsu, sai ya haɗa da waɗansu littattafai da kuma abin da dattawa suka riƙe. Ba kuma littafin kaɗai ne ya juya zukata ba, gama jama'a sun riga sun san Johanna ta wurin nata littattafan da jawaban da ta yi a majami'u sa'ad da take hutu a gida. Sai dai ya fito a kan kari. Shekara biyu bayansa, a 1939, majalisa ta amince ta ɗauki nauyin aikin Lupwe da Takum, aka fara a 1940.

A wannan shekara ta 1939 Beets ya sauka daga kujerar darekta, bayan shekara 19. Wanda ya gaje shi, John De Korne, yana cikin 'yan mishan na farko da aka aika Sin a 1920. Ba a yi shekara 12 ba juyin mulkin kwaminis ya rufe ƙofar Sin, aikin Nijeriya kuwa ya bunƙasa har ya zama mafi girma cikin ayyukan ɗarikar a ƙetare. Beets ya rubuta tarihin aikin da aka yi cikin Navajo da Zuni da Sinawa a littafinsa Toiling and Trusting na 1940. Cikakken labarin Nijeriya kuwa sai da ya jira Edgar Smith, mijin Nelle Breen, wanda ya fitar da Nigerian Harvest a 1972.

Kwanakin ƙarshe

Tsufa bai raba shi da tsofaffin takardu ba. Aikinsa na ƙarshe ya koma ne can farkon labari, kan Jannes van de Luyster, wani manomi mai hali daga lardin Zeeland, wanda ya sayar da gonarsa a 1847, ya biya wa talakawa da dama kuɗin jirgi, ya jagoranci kafa garin Zeeland a Mishigan. Ba fasto ba ne, ba malami ba ne, dattijon ikkilisiya ne kawai, irin waɗanda tarihi kan tsallake.

Henry Beets ya rasu a Grand Rapids ran 29 ga Oktoba, 1947, yana da shekara 78, a shekarar da jikokin baƙin suke bikin cika shekara ɗari da sauka a dajin Mishigan. Littafin Van de Luyster bai fito ba sai a 1949, a garin Zeeland. Wasiƙunsa da sauran takardun da ya tara suna ajiye a ɗakin adana tarihi na Heritage Hall, a jami'ar Calvin da ke Grand Rapids.